Duƙushin Nathanaël da Tokar Rumbu

Bidi ta haihu! Estelle ɗiyata, goɗiyarmu ta sauka lafiya, namiji ta haifa, ja ne mai farin tabo a goshi kamar an ɗiga masa nono. Kafin rana ta yi zafi ya miƙe tsaye, ya faɗi, ya sake miƙewa, yanzu haka da nake wannan rubutu yana can gindin turke yana shan nonon uwarsa. Ki raɗa wa Nathanaël a kunne, ko da yake bai san magana ba tukuna, cewa dokinsa ya iso duniya.

Kin ga na faɗa cikin labari ban ko gaishe ki ba. To, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Rodrigue da jikana. Kullum da safe ni da innarki Na'omi muna sa ku cikin addu'a, Allah ya tsare ku a can Kwatano, ya ba ku lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya raya yaron nan ya sa ya zama mai jin magana. Mu nan lafiya muke. Ciwon gwiwar innarki ya yi sauƙi, har ta ajiye sanda. Ruwa ya sauka, mun shuka gonar tudu, hatsi ya fara leƙowa, ta fadama ce muke jiran wani ruwan. Ƙanwarki Mireille tana Dogon Dutsi da keken ɗinkinta, takan zo mana ran Lahadi in ta samu mota.

Duk watannin nan, in kin kira ni a tarho kin tambayi Bidi, nakan ce miki tana nan. Ke kuma ki ce in sayar da ita, wai na tsufa da hidimar doki, abincinta ya fi ƙarfina. Ban taɓa ba ki amsa sosai ba, domin maganar ta fi tsawon abin da tarho ke ɗauka kafin ya yanke. Yanzu Gambo direba zai tashi zuwa wajenku, na ce bari in zauna in rubuta, tunda na sha zaman benci a karatun dare da furfurata, kada hannun ya manta. Ga yadda abin ya kasance.

Kin tuna lokacin da labari ya zo mana bayan kaka cewa kin sauka, ku ba ku samu zuwa ba, mu ma ba mu samu tafiya ba, sai muka yi bikin godiya a nan gida. Ranar gida ya cika da mutanen majami'a da maƙwabtanmu musulmi, har da Yero mai shanun nan da ke sauka gonarmu duk rani, shi da matarsa Mariama. A gaban jama'ar nan na miƙe na ce abin da ke cikin Bidi na jikana ne, mace ko namiji. Lokacin cikin nata bai ko fito sosai ba. Yero ya yi dariya har malafarsa ta faɗi, ya ce Ba'are irina kaɗai ke kyautar abin da bai gani ba, da Bafillace ne da ya jawo karsana da ƙafafunta ya danƙa igiya a hannu. Na ce masa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon wutsiyar saniya ina ya san darajar doki. Kin san tsakaninmu da su, wasa ne tun kakanni. Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta riga ta fita bakina a gaban mutane, da sunan yaro a kanta. Daga ranar ba ni da aikin da ya wuce in ga goɗiyar nan ta kai damina da cikinta.

Goɗiya mai ciki ba ta kai damina da kara da ƙaiƙayi. Abin da ke riƙe ta harawar wake ce da ta gyaɗa, da dusa, da ɗan hatsi, da kanwa. Bara wake ya yi kyau, na yanki harawa tun tana da sauran kore, na shanya ta ta bushe sarai, na ɗaure, na jera cikin tsohon rumbun kakanki wanda ke zaune bisa duwatsu bayan ɗakin girki. Buhunan dusa ma suna ciki, a kan harawar. Abin da ke tsare rumbun nan ba wani asiri ba ne. Duwatsun sun ɗaga shi daga ƙasa, ba abin da ke taɓa jikinsa, ƙarƙashinsa fili ne iska na wucewa, kowane dutse kuma an zagaye shi da tokar murhu mai kauri, domin gara ba ta son ratsa toka. Haka na tarar ubana yana yi, haka nake yi. Abin da na tara ya isa ya kai mu har ciyawa ta fito, da ɗan saura.

To, ana gobe biki Mireille ta iso da 'yan matan ƙungiyar waƙa na majami'arsu, su taya innarki aiki. Yaran kirki ne, ba wadda ta zauna. Ƙanwar taki ta leƙa bayan ɗakin girki ta ga toka zube ko'ina, ta ce wa ƙawayenta wurin nan bai yi propre ba, wato ba shi da tsabta, baƙi za su ce gidan su Estelle ƙazamai ne. Suka share tokar nan tas, har da yayyafa ruwa. Da amalanken itacen girki ya zo, samarin da suka sauke shi suka ga wuri mai tsabta ƙarƙashin rumbu, suka cusa gajerun a can, dogayen kuma suka jingina su a jikin rumbun. Innarki tana kan tukwane, ni ina ƙofar gida ina karɓar barka. Bayan biki itace ya ragu da yawa, aka bar shi inda yake ana zara kaɗan-kaɗan. Ya rufe duwatsun, ba mai ganin ko akwai toka ko babu. Bidi kuwa lokacin tana cin abin da ya rage a gona, ban buɗe rumbu ba sai bayan Kirsimati.

Ranar da na hau na buɗe, dammunan sama lafiya suke, kore shar da ƙamshinsu. Na ci gaba da ɗiba daga sama ina ba ta, raina kwance. Sai da na kusa tsakiya, wata safiya na kama dami zan ɗaga na ji ya yi nauyi kamar tubali. Na ja da ƙarfi, igiyar ta zo hannuna, damin ya zube, jar ƙasa ce zalla. Gara ta hau ta itacen da aka jingina, ta shiga ta gindin rumbu, ta ci daga ƙasa tana yin sama. Takan bar siffar dami yadda take, ta cika cikinsa da laka. Abin da ya rage mai kyau bai kai rabi ba. Ɓeraye ma sun bi hanyar da gara ta bi, sun huda buhunan dusa ta ƙasa, sun yi sheƙa, sun bar kashi da fitsari a ciki. Na tankaɗe dusar na shanya, amma Bidi da ta kai hanci ta ji warin nan sai ta yi huci ta juya kai. Sai na daɗe ina lallashinta, na zuba kanwa da yawa, kafin ta ci kaɗan. Ta fara ramewa, ƙashin bayanta ya fito, cikin kuma yana ta girma.

Innarki abin ya tsaya mata a rai, domin itacen girkinta ne. Ba ta shawarce ni ba, ran kasuwar Kore Mairuwa ta bi motar maƙwabta, ta sayo maganin ɓera wajen masu yawo da shi a faranti, irin baƙar hodar nan mai wari. Da yamma ta ɗebi dusa a buhu ta cakuɗa da shi, ta ajiye a bakin rumbu inda ɓerayen ke fitowa. Ƙwaryar da hannunta ya kai kanta kuwa ita ce tsohuwar nan mai ɗinki, wadda nake ba Bidi dusa a ciki. Kin san yadda muke yi a gidan nan tun kina ƙarama. In innarki ta riga ni tashi, takan auna dusar doki ta ajiye mini a bakin rumbu kafin ta tafi rijiya. Da safe na fito na ga ƙwarya a inda ta saba ajiyewa, da dusa daidai awo. Na ga ta ɗan yi duhu, na ɗauka dusar dawa ce. Na zuba ruwa na dama, na kai gaban Bidi na ajiye, na koma ɗaki neman kanwa.

Ina cikin ɗaki na ji bokiti ya faɗi, na ji innarki tana kiran sunan Yesu da muryar da ban san ta da ita ba. Na fito na tarar matar da ke dogara sanda ta ratsa tsakar gida da gudu, ta yi ƙwallo da ƙwaryar har ta bugi katanga ta fashe. Ta kama bakin goɗiya da hannu biyu tana buɗewa tana dubawa. Bakin a bushe yake, ba dusa a leɓe, babu a haƙori. Ashe Bidi ta sunsuna ta juya kai, kamar yadda ta saba tun da ɓeraye suka ɓata mata abinci, tana jira in zo da kanwa in lallashe ta. Da a kaka ne, lokacin da take sa baki tun ƙwarya ba ta taɓa ƙasa ba, da ba wannan takarda nake rubuta miki ba. Kaji biyu da suka riga mu kan abin da ya zube, kafin la'asar sun mutu.

Na aika aka kira likitan dabbobi, ya zo ya duba ta, ya ce ba alamar ta ci, amma a sa mata ido, kuma duk dusar da hannun da ya taɓa maganin ya shiga, kada a ba kowace dabba. Innarki ta kasa tuna ko ta mai da hannu cikin buhu bayan ta cakuɗa, ko kuma wane buhu ne. Don haka muka haƙa rami mai zurfi can bayan gari, muka binne dusar duka, da kajin, da sakainar ƙwaryar, da sauran maganin. Muka dawo gida a tsakiyar bazara, ga goɗiya da tsohon ciki, ga rumbu ya kusa zama wayam. Ban yi mata faɗa ba, ita ma ba ta yi mini ba. Na ce mata ita ta haɗa, ni na kai, sai mu raba laifin daidai. Ba ta yi dariya ba. Daga ranar ta daina bi ta wajen turke, in za ta ɗakin girki sai ta zagaya ta bayan ɗaki. Ta kuma hana ni faɗa miki, ta ce kina shayarwa, kada hankalinki ya tashi.

Labari ya kai rugar Yero ta bakin Mariama, tunda ita ke kawo mana nono. Washegari sai ga shi da jakinsa, an labta masa harawar gyaɗa da buhun 'ya'yan gawo, a lokacin da shi ma shanunsa ke lasar ƙasa. Ya tsaya ƙofar gida yana ɗaga murya don maƙwabta su ji, wai ina mai dokin da gara ta ci da yaƙi, ya fito ya karɓi sadakar ubangidansa. Na ce masa haraji dai ya kawo, kuma ya makara. Ya ce ba don ni ya kawo ba, don yaron da aka yi wa kyautar iska ne, kada ya girma ya ji Bafillace yana kusa aka bar dokinsa ya mutu a ciki. Ban ce masa na gode ba, don ba ma yin haka da shi, amma na buɗe masa gonar fadama da rijiyarta, shanunsa suka sha har ruwa ya sauka. Shi kuma bai daina turo jakin nan ba duk lokacin da ya samu abin ɗorawa. Mireille kuwa da ta ji abin da shararta ta jawo, ta zo tana kuka, rabi Hausa rabi Faransanci, ta ce ita a ganinta toka datti ce. Ba a daɗe ba ta turo gangar ƙarfe mai murfi a saman mota, da buhun sabuwar dusa daga injin niƙa. Na aika na tambaye ta abin da aka taɓa zubawa a gangar, ta ce man gyaɗa ne. Duk da haka na wanke ta na kifa a rana.

Kafin in sa ko dami ɗaya a rumbu sai da na gyara shi. Muka kwashe itacen duka muka kai nesa, wanda gara ta shiga muka ƙone. Na kankare lakarta daga jikin rumbu da ƙasansa, na ɗage jinka na bar rana ta gasa shi. Na bi hanyarta har shurinta a bayan katanga, muka tone shi. Sannan na shimfiɗa ganyen dogon yaro a ƙasan rumbu da tsakanin dammuna. Tsanin da nake hawa da shi, da a jingine yake kwana, yanzu in na sauko sai in kwantar da shi can gefe. Dusa tana cikin ganga, gangar tana bisa duwatsu, murfi a rufe da dutse a kai, kuma ba na tara mai yawa, domin in ta daɗe cikin zafi takan yi ɗaci ta yi tsutsa. Maganin ɓera an hana shi shiga gidan nan. Mariama ta kawo mana kyanwa, wata 'yar baƙa mai faɗa, ita ke wannan aiki yanzu, kuma ba ta da kasala. Sabuwar ƙwaryar Bidi na huda bakinta na ɗaura jan ƙyalle, ba mai taɓa ta sai don doki. Toka kuma ta koma gindin kowane dutse. Abu ɗaya na lura, tun da na zuba ta farko ban sake zubawa ba, amma duk safiyar da na leƙa sai in tarar da sabuwa, wani lokaci har da sauran ɗuminta. Ban tambaya ba.

Bidi ba ta yi ƙiba ba, amma ta daina ramewa. Haka muka yi ta lallaɓawa har ruwan farko ya sauka ciyawa ta tsiro. Yau da sassafe na ji innarki ta fita da kaskon toka, na yi ta saurare ban ji ta dawo ba. Na fito na tarar da kaskon a ƙasa, ita kuma tana durƙushe gindin turken da ta yi watanni ba ta taka ba, tana goge wa duƙushi hanci da bakin zanenta, Bidi na lasar bayansa. Ta ɗago ta ce mini dokin angonta Nathanaël ya zo, in daina tsayuwa kamar baƙo in kawo ruwa. Da hantsi Yero ya iso, ya zagaya duƙushin ya dudduba, ya ce ƙafa ɗaya tasa ce tunda harawarsa ta gina ta, farin goshin ma alamar nonon ruga ce. Na ce masa ya jira mai doki ya girma su yi shari'a. Innarki ta yi dariya, wadda rabon da in ji ta tun ranar ƙwarya. Ita ce ta ce in rubuta miki duka kada in rage komai, amma kada in manta in rubuta wanda ya ɗauki ƙwaryar ya kai. Ga shi na rubuta.

Maganar sayar da Bidi kuwa, ga amsata. Kin yi gaskiya na tsufa, hawa tsani ya fara yi mini wuya. Amma yanzu tana shayarwa, wanda take shayarwa kuma ba nawa ba ne balle in raba shi da uwarsa. Mai shi yana bayanki a goye. In ya iya magana sai ki tambaye shi, abin da ya ce shi za a yi. Kafin nan rumbu a gyare yake, bana ma na shuka wake da yawa tsakanin hatsi.

Ki gaishe mini da Rodrigue da kyau, da iyayensa in kun yi magana. Ki gai da baffanki Sani in kun haɗu a kasuwa, ki ce masa goɗiyar da yake cewa ta gama zamani ta ba shi amsa. Innarki tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan angonta. Mireille tana gaishe ku, ta ce ta fara ɗinka wa yaro riga. Yero da Mariama suna gaisuwa, mutanen majami'a ma duka haka. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yanzu saura ku zo. Kada ku jira Kirsimati, lokacin ya zama saurayi, wannan tangal-tangal ɗin da yake yi ya wuce. In Rodrigue ya samu hutu ku bi Gambo a dawowarsa, ku zo da Sani da iyalinsa, da duk maƙwabcin da ke son ganin doki, gida zai ɗauke ku. Ina so in ɗora hannun yaron nan a kan farin goshin nan a gaban mutanen da suka ji alkawarin. In kun iso kun ga toka zube bayan ɗakin girki, ku ɗaga ƙafa ku tsallake, kada wanda ya nemi tsintsiya.

Babanki Istifanus ne ke cewa, ku zo dukanku ku gani.